Nankarwar Debby

Warri, 3 ga Yuni

Ƙanwata Larai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan duk kuna lafiya a Romi. Na rubuta ne saboda a waya ihu kawai muke yi wa juna.

Na ji duk abin da kika faɗa. Tela ta ga nankarwa a cikin 'yata Debby da cinyoyinta wajen awon kayan mawaƙan coci, kafin Lahadi labari ya gama coci. Kin kai ta gwajin ciki har sau biyu, ba a ga komai ba. To, madalla. Amma ba wannan takardar nake jira ba. Likita ya ce duk wata a ɗebi jininta a duba ƙodar, ni kuwa tun Ista ban ga lambar sakamakon ba. Shekara tara ina gadin ƙofar wani a garin da ruwa ba ya ɗaukewa, abu ɗaya na roƙe ki, shi ma sai na yi ta bi.

Ƙafarta tana kumbura? Ki danna da yatsa ki gani, kada ki tambaye ta.

Yayanki,
Ishaya

Romi, 14 ga Yuni

Yaya,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ya aiki, ya ruwa?

Kai kana can, ni ce nake shiga Zumuntar Mata a yi shiru. Maman Derrick ta ɗaga zuwan gaisuwar da za su yi don nema wa ɗanta auren Debby, wai sai ta gane abin da ke jikin yarinya. A gabana ta ce, "Budurwa da zanen haihuwa? Ni ma na haifi shida, Larai, na san shi." Mai kemis na bakin kasuwa ya ce ƙwayar ƙodar nan ce ke tsaga fata, ita ce kuma ta kumbura mata fuska. Sai na kulle maganin a akwatina, yau sati biyar. Fuskar ta faɗa, har kyau ta ƙara. Ban kai ta gwaji ba, don mai lafiya ba ya neman asibiti.

In faɗa za ka yi, ni za ka yi wa. Ka bar yarinyar.

Taka,
Larai

Warri, 19 ga Yuni

'Yata Debby,

Ina gaishe ki. Tun da takardar antinki ta zo na kasa zama wuri ɗaya, har maigidan ya tambaya ko kunama ce a kujerar.

Zan fara da laifina. Ranar da na ji zancen nankarwa, ni ma na zauna na ƙirga watanni da yatsu. Ubanki ne ya yi haka, ba Maman Derrick ba. Ki yafe mini. Antinki ma ba zan tsine mata ba, ita ta riƙe ki tun rasuwar mamanki, lokacin da ni na ɗauki jaka.

Amma mamanki fatarta sumul take, ko tabo babu, haka muka sa ta a ƙasa. Ƙafa ta fara kumbura, muka ce tsayuwar kasuwa ce. Wannan magani ba a yanke shi dare ɗaya, likita ya faɗa a gabanki. Gobe ki je a ɗebi jinin. In an hana ki akwatin, ki fasa shi, ni na sa ki.

Babanki

Romi, 27 ga Yuni

Baba,

Ina wuni, ya gajiya?

Babu akwatin da za a fasa. Anti ba ta kulle komai ba. Ni na daina sha tun ranar tela, kullum in jefa a masai. Da ta gane ta yi kuka, ta ce gara ka ji haushinta da nawa.

Na je. Derrick ne ya kai ni a mashin, bai gaya wa mamansa ba. Lambar ƙodar da suke kira kiriyatinin tamanin da huɗu ce a Ista, yanzu ɗari da casa'in. Likitar da na tarar ta danna ƙafata, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta mayar da ni kan maganin, ta ce nankarwar za ta ƙaru kuma ba za ta goge ba. Na tambaya ko ƙodar za ta dawo. Ta ce, "Nan da sati biyu za mu sani."

Maman Derrick ta aiko wai in an tsayar da ƙwayar za su sa rana. Na ce wa 'yar aiken da safe ma na sha. Ba su sake aikowa ba. Baba, tsoro nake ji.

'Yarka,
Debby

Warri, 1 ga Yuli

Debby,

Na nemi hutu sun hana, na ce zan ajiye musu makulli. Sai ƙarshen wata za su sake ni, kafin nan sakamako ya fito. Ki gaida antinki, ki ce na ji.

In za ki rubuto, kada ki fara da gaisuwa. Fara da lambar.

Babanki