Filtar da ta kwantar da Ɗanjuma

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya Anti Ladi da yara? Mu lafiya, ban da ƙaninmu Ɗanjuma.

Injin motar dankalinmu ya buga. Da bakanike ya yanka filtar baƙin mai, kwali muka tarar a ciki. Ɗanjuma ya ɗauke ta sai shagon da ya saya a Tudun Wada, ya maka wa mai shagon ita a baki har haƙoransa suka zube. Maƙwabtan mai shagon suka fasa wa Ɗanjuma kai da sifana.

Na sha gaya masa ya ji nauyin filta, ya duba robar bakinta, ya daina kallon fenti.

Ku sa shi a addu'a, don da ya farfaɗo a asibiti, filtar ya fara tambaya.

Gai da kowa.

Ƙanwarka, Talatu