Ƙullin da Baba Ya Ɗaura

Yaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfi a kan aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana hawa matakalar coci ba a riƙe ta ba. Goggo kuma ta dawo ɗakin gaba da keken ɗinkinta.

Ba na so ka ji wannan a bakin wani: ban samu shiga ganawar aikin ɗakin gwaje-gwajen nan ba. An ce ƙarfe tara. Na fita bakwai da rabi, lokaci har da saura. Sai da mota ta wuce gada na laluba jakata, na ji babu Littafi Mai Tsarki na Baba. Ka san shi, wanda bangonsa ya saki, Baba ya ɗaure da igiyar takalmi. Da shi na shiga kowace jarrabawa ta shekarar ƙarshe, guda goma sha ɗaya. Na sauka na koma gida na ɗauko. Na isa wurin tara da minti ashirin da biyar, mai gadi ya ce an gama kiran suna.

Da na dawo ina kuka, Goggo ko tsayar da keke ba ta yi ba. Ta tambaye ni wane shafi na so in karanta wa masu ganawar. Na ce ai ba buɗewa nake yi ba. Ta ce da na faɗa da wuri da ta ɗinka masa fata na rataya a wuya, tunda 'yar boko ta gama digiri ta koma laya. Na ji haushi, amma na ƙirga: wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar Baba, ba wanda ya kwance ƙullin nan. Mama ta hana, wai hannunsa ne ya ɗaura. Duk Asabar takan goge littafin, ta kuma sa shi ƙarƙashin matashin wanda ba shi da lafiya. Ni kuwa, Yaya, a cikin motar nan ko addu'a ban tuna in yi ba. Wannan ne ya fi tsorata ni. Ashe a raina Allah yana kan tebur a gida, ni kaɗai na fito.

Na tuna wa Mama a hankali cewa don kada shafuka su zube Baba yake ɗaurewa, kuma kowace safiya kwancewa yake yi. Ta ce babba ne zai yanke, wato kai. Don Allah ka kira ta Lahadi bayan sujada. Kada ka yi mata wa'azi, kada kuma ka ambaci gunki; kewarsa take yi, ni ma haka. Ka dai roƙe ta ta karanta maka wani wuri daga ciki ta waya.

Masu ganawar sun sake kirana, Talata ƙarfe goma, domin mutum biyu sun janye. Na shirya jakar tun jiya, na duba sau uku. Takarduna ne kawai a ciki. Ka sa ni a addu'a, ni ma zan yi tawa a mota.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu. Mama da Goggo suna gaisuwa.

Ƙanwarka,
Auta