Shokozobar da ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Buba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma na zo da wata tambaya da kai kaɗai ka san amsarta.

Motarka tana nan a gindin Goron Dutse inda ka bar ta, tunda lungunan unguwarmu Mandawari sun ƙi ta tun farko. Har yau yara suna leƙa tagarta su ga gadaje biyu da randa a bayan babbar mota. Mutane suna cewa an zaunar da Bafillace a birni, ya sa wa ɗakinsa taya. Da soja suka miƙa mulki bana, 'yan siyasa sun so a ba su ita su ɗaura lasifika. Na ƙi.

Abin da ya sa na tayar da ita, Goggo Dija, yayar Inna, tana kwance rai a hannun Allah can ƙauyensu. Inna tana son ta gan ta, amma bayanta ba ya barin ta zama a mota, sai dai kwanciya. Muka gwada zagaye ɗaya, motar tana tsalle kamar akuya. Inna sai hawaye take yi. Ranar tsoro ya kama ni, kada rai ya yi halinsa ba su gana ba.

Na kai ta wajen Malam Sabo, tsohon bakanikenka. Ka san ni, alli na iya riƙewa, ba sifana ba, amma na bi shi ƙarƙashin motar. Ya nuna min shokozoba, ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye girgizar hanya. Uku sun tsufa tukuf, tsatsa ta cinye notinsu, sai da aka gasa su da wuta suka kwance. Ta huɗun, ta baya a hagu, notinta ya juyu da sauƙi, da sauran giris a jikinsa.

Na tambayi dalili. Malam Sabo ya yi dariya, ya ce sau da yawa ka zo, kullum ita kaɗai kake canzawa. Ya sha gaya maka bibbiyu ake sa su, in ba haka ba sabuwar ce za ta ɗauki wahalar duka ta mutu da wuri. Amsarka ɗaya ce: "Sa wannan dai, Sabo."

Na fito na hau ciki, na auna da tafin hannu. Daidai ƙarƙashin gadon Inna take.

Baba, kai fa ne! Tsawon rayuwata ban taɓa jin ka ambaci sunanta ba. Ko sannu za ka yi mata, bango kake kallo. Mun ɗauka kunyar Fulani ta cinye komai. Yaushe ka lura gadonta yana girgiza? Ta madubi kake kallonta? Kai kuma da kake zaune a kan matacciyar shokozoba shekara da shekaru, naka bayan fa?

Mun sa sababbi duka huɗu. Jiya muka tafi, awa huɗu, rabinta gargada ce. Inna har barci ta yi. Mun iske Goggo Dija da rai, ta gane ta, suka riƙe hannun juna har la'asar.

A hanyar dawowa Inna ta ce na iya tuƙi, amma ban kai ka ba. Wai kai kana kauce wa ramuka ta ɓangarenta, in ta yaba sai ka ce, "Hanyar ce ta fi kyau ta nan." Har yau ta yarda iya tuƙinka ne kawai.

Na buɗe baki zan gaya mata, sai kunyarka ta kama ni. Tambayata ke nan, Baba: in faɗa, ko in bar maka? Tsohuwar shokozobar dai na goge ta, tana cikin akwatinka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya sassauta maka kamar yadda ka sassauta mata ba ta sani ba.

Ɗanka da bai gama saninka ba,
Hamisu