A Bar Ni In Sake Rufe Karena

Zuwa ga maigidana Alhaji, mai kamfanin ginin da ke bakin hanyar In Amguel, a nan Tamanrasset.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Isufu mutumin Damagaram, gardi, wato mai gadin filinka da ake ajiye siminti da rodi. Na yi sintiri zuwa buro, wato ofishinka, har na gaji, kullum sai a ce kana Alje babban birni. Shi ya sa na rubuta wannan a fili na ba 'yan uwanmu masu shaguna a kasuwa, ko Allah zai sa wani ya juya maka ita da Larabci. Maganar kare ce, ranka ya daɗe. Na san za a yi dariya, an ma riga an yi.

Na farko, bari ka san ko wane ne. Sunansa Gajere. Wani direba ne ya yar da shi a ƙofarmu yana ɗan kwikwiyo, na raine shi da guntun burodi da ruwan miya. Da la'asar leburori suna watsewa, filin nan ya rage daga ni sai rediyo sai shi. Larabcina bai wuce na sayen burodi ba, Gajere kuwa Hausa yake ji. In direbobi sun kawo mini wasiƙa daga gida, shi nake karanta wa. Ban taɓa barin shi ya taka wurin sallata ba, na san addinina. Amma shekarun nan da ba a taɓa ɗauke maka ko buhu ɗaya ba, wallahi rabin aikin nasa ne.

Na biyu, yadda na rufe shi. Tsufa ya kama shi, ya daina ci, ranar Talatar da ta wuce da hantsi ya mutu a gindin tankin ruwa. Na naɗe shi a buhun siminti, na kai shi bayan katanga. Ka san ƙasar garin nan, dutse ce zalla. Na yi ta sara da diga har hannuna ya yi kanta, ramin bai kai gwiwa ba. Sai na jera duwatsu a kai don kada dila ta tone, na kafa wani dogo a tsaye don manyan motoci su gani in suna ja da baya. Ban yi masa salla ba, ban duba alƙibla ba. Ni dai na rufe abin da na raina.

Na uku, abin da shef ɗin da ka ɗora a kanmu ya yi. Da ya ga duwatsun, sai ya ɗauka kabarin mutum ne, don haka Buzaye suke jera nasu a daji. Ya yanke cewa wani yaronmu marar takardu ne ya faɗo daga gini muka ɓoye shi. Ina tsaye a gabansa, bai tambaye ni ba. Ya kira jandarma, aka tsugunar da ni a rana, aka tone. Su ba ni da ƙorafi a kansu, aikinsu suka yi, da suka ga kare ne har babbansu ya ba ni haƙuri. Shef kuwa kunya ta koma masa fushi. Ya sa aka ja Gajere ta ƙafa aka wurga a motar shara, leburori suna ta shewa. Yanzu yana can juji a bayan gari, a fili, kuma an ce in na bar ƙofa na bi shi, a bakin aikina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da shef yake zaton mutum ne a ramin nan, ko sau ɗaya bai ce wane ne ba, ɗan wa ne, daga wane gari. Tara da rufe kamfani kawai yake ambata. Ina tsugune ina jin sa, sai na tuna ni ma ba ni da dangi a garin nan. Tun ranar da Gajere ya mutu nake dafa abinci in rage kaɗan a kwano bisa sabo, sai in rasa wanda zan miƙa wa.

Ga roƙona. A ba ni rabin yini da baro in je juji in ɗauko abin da ya saura, tun ba a cinna wa sharar wuta ba. A bar mini taku biyu a bayan katanga, zan shimfiɗa duwatsun a kwance yadda ba wanda zai sake ruɗewa. Ba na neman a kori kowa. Sannan, ranka ya daɗe, in tawa ta zo ina kan aikinka, ka sa a kira mutanenmu na kasuwa su ɗauke ni, su aika gida. Kada a bar wa shef shawara.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya raya zuri'arka, ya sa ka cika a cikin naka, a hannun waɗanda suka san sunanka.

Wassalam.

Isufu gardi.