Ruwan da Ya Daskare a Hannun Inna

Daren Alhamis, Gwandu

Ina dawowa daga makaranta a Kalgo na tarar Inna ta kashe firizar sana'arta. Wai ta ɗauko robar ruwa, tana taɓa shi ya zama ƙanƙara a hannunta. Ta rantse asiri ne, har ta fara zargin maƙwabciyarmu.

Na ce mata ruwa kan wuce sanyin daskarewa bai daskare ba, ƙwayoyinsa na yawo a hankali, girgiza kawai suke jira. Na lallaɓa na ɗauko wata robar daga firizar na buga a bakin turmi. Nan take ta daskare, ta yi fari har ƙasa.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe wanga karatu naka na da rana."

Alhamdu lillahi. Ta kunna firiza, ta dama kunu ta aike ni da shi gidan maƙwabciyar. Baiwar Allah ta yi ta godiya, ba ta san dalili ba.