Yatsan Guntuwa

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu da kajinsa masu shiga ɗaki ba sallama.

Gwaggo, ki taya ni murna. Wata shida ke nan da na fara aiki a gidan tausar nan, yanzu duk matar da ta shigo sai ta ce a kira mata mai yatsan ƙarfe. Ni ce fa, Guntuwarki, wadda ranar da kika fara koya mini tausa kika ce hannuna kamar na jariri. Mu huɗu ne a ɓangaren mata, amma ni kaɗai nake yi wa mutum takwas a rana. Ko zama ba na yi, wata na saka takalmi wata na cire nata.

Wadda ta tallata ni wata tsohuwar shugabar makaranta ce, Shugaba muke ce mata. Duk Talata da ƙarfe goma take zuwa, ta kwanta rub-da-ciki ta ce, "Yarinya, danna da yatsa, ban zo a shafa ni kamar kyanwa ba." In na samu ƙullin da ke ƙasan kafaɗarta na nutsa babban yatsa, sai ta yi ƙara ta ce, "Yauwa, nan ne!" Rabin masu zuwa wurina ƙawayenta ne.

Sai wata 'yar magana. Kwanan nan gindin babban yatsana na dama yana ɗan yi mini tsami da safe, har matse man goge baki sai na sa hagu. Ba wani abu ba ne. Ki dai faɗa mini sunan man nan mai zafi da kike shafawa.

Ki gai da Kawu. Ki huta lafiya.

Taki,
Guntuwa

*

Guntuwa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kaji ma suna amsawa.

Man da kike tambaya ba abin da zai yi miki sai ya sa ki wari. Mutum takwas a rana! Wa ya aike ki? Yatsa ƙashi ne da jijiya, ba ƙarfe ba, kuma guda biyu kawai aka ba ki.

Ki saurara, don ba zan maimaita ba. Ki tsaya gefen gadon tausarki, ki saki hannu ki dunƙule shi. In gadon ya wuce dunƙulen nan, ya yi miki tsawo. Na rantse wata doguwa aka gyara wa shi, ke kuma kunya ta hana ki magana, kina ta ɗage kamar mai leƙen katanga. A sauke shi. Ki buɗe ƙafa, ki ɗan lanƙwasa gwiwa, nauyin jikinki ya yi aikin. Gadon baya da cinya na sangalin hannu ne. Ƙulli mai taurin kai na gwiwar hannu ne, a hankali, ki kauce wa ƙashi. Yatsa aikinsa ya lalubo wurin, sannan ya matsa gefe.

Wani abin kuma. Mata suna kwanciya su juye miki labarin miji, da ciwon uwa, da ɗan da ba ya jin magana. Duk wannan yana bin hannu ya hau wuya, ki tafi da shi gida. Tsakanin mutum da mutum ki wanke hannu har gwiwa da ruwan sanyi, ki cire takalmi ki tsaya a ƙasa, ki ja numfashi sau biyar, ki ce a ranki, nata ne, ba nawa ba. Ki sha ruwa. Ki ci abinci a zaune kamar ɗiyar mutane. Ki rage masu zuwa wurinki su koma biyar a rana, kuma ki je likita ya duba yatsan.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

Ƙari daga Kawu: ni ma shekara talatin take ba ni umarni haka, gara ki bi kawai.

*

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin canka daidai, gadon na wata doguwa ne da ta bar aiki. Da aka sauke shi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Tsayuwa ba takalmi kuwa, abokan aikina sun ce na fara tsiro, suna tambaya ko a zuba mini ruwa. Jiya na kama biyu daga cikinsu a bayan ɗaki suna yi.

Kowa ya karɓi sangalin hannu ba gardama, amma ban iya gwadawa a kan Shugaba ba. Mai tausar da take yi mata kafin ni, a kan haka Shugaba ta bar ta. Ta ce gwiwar hannu aikin ragwaye ne. In ta tafi, ƙawayenta za su bi ta, ni kuma mai gidan tausar saboda su take ji da ni. Sai na ce awa ɗaya a mako ai ba za ta kashe ni ba. To, Talatar nan bayan ta fita yatsan ya kumbura, kofin shayi ya suɓuce mini ya fashe. Likitan kuma ban samu zuwa ba tukuna. Kada ki yi faɗa.

Gwaggo, wata tambaya. Na san rubutunki, ƙanana ne a tsaye kamar sojoji. Wasiƙar nan tun daga sallama har ƙarshe rubutun Kawu ne mai kama da sawun kajinsa. Lafiya dai?

Taki,
Guntuwa

*

'Yata Guntuwa,

Assalamu alaikum. Kawunki ne. Gwaggonki tana zaune a gabana ta haɗe rai, ta ce in rubuta miki cewa idonta ne ke ciwo. Na ce ni ba zan yi ƙarya da birona ba. Mun yi ta ja-in-ja har shayi ya huce, daga ƙarshe ta ce, "To rubuta, tunda bakinka ba ya rufuwa."

Shekara biyu ke nan rabonta da riƙe biro. Manyan yatsunta duka biyu sun ƙi. Ni nake saka mata maɓalli, ni nake buɗe kwalba, ni nake zura zare a allura, har yankan albasa na ƙware, ina yi ina hawaye tana dariya. Da ta bar aiki ta ce wa dangi gajiya ta yi. Duk zuwan da kike yi, ba ki lura da hannu biyu take ɗaukar kofi ba?

Ita ma ta yi tata Shugabar, wata mai shagon ɗinki da ba ta yarda da komai sai yatsa. Shekara tara Gwaggonki tana cewa awa ɗaya ce kawai. Matar tana nan garas, ran nan ma mun gan ta a kasuwa tana ciniki da ƙarfinta. Ta gaishe mu da fara'a, ta ce ta samu wata yarinya mai hannu sosai.

Yanzu ga ta nan ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa: "Na koya miki yadda ake danna mutane, ban koya miki yadda ake ce musu a'a ba, don ni ma ban iya ba. Wannan laifina ne, kuma yana damuna."

Ta tashi ta shiga ɗaki, wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba a kunna wuta ba.

Allah ya tsare mana ke.

Kawunki

*

Gwaggo da Kawu,

Ina gaishe ku da kyau. Na karanta wasiƙarku sau uku, na yi kuka, sannan na yi dariyar albasar Kawu.

Washegari na je likita. Ya ce jijiyar ce ta kumbura, kuma na zo a kan lokaci. Ya ɗaure mini yatsan na mako shida, ya nuna mini motsin da zan riƙa yi safe da yamma.

Ranar Talata Shugaba ta shigo, ta ga ɗaurin, ta ce, "Me ya samu ƙarfen?" Na ce, "Mama, daga yau da gwiwar hannu zan yi miki. Ƙullin zai warware, na yi miki alkawari." Ta ce, "In ya warke fa?" Na ce, "Ko ya warke, Mama." Ta dube ni ta saman tabarau kamar ɗalibar da ta makara, ta ce, "Ashe ke ma kin lalace." Ta ɗauki jakarta ta fita. Na cire takalmi na tsaya a ƙasa, numfashi biyar bai ishe ni ba sai da na yi ashirin.

Talata uku ke nan ba ta dawo ba. Ƙawayenta biyu sun bi ta, sauran suna nan, ɗaya ma har minshari take yi a ƙarƙashin gwiwar hannuna. Mai gidan tausar ta ɗan tsuke fuska kwana biyu, sannan ta sake. Kumburin ya sauka. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ina kewar matar nan da faɗanta. Ƙarfe goma na Talata har yanzu ba kowa a ciki, in lokacin ya yi sai in zauna ina kallon gado.

Taku,
Guntuwa

*

Guntuwa,

Muna amsawa. Kawunki yana son ya cika takarda, na ce ya rubuta wannan kawai.

Shekara arba'in ina tausa bayan mutane, ba wanda ya taɓa tausa nawa, don ban taɓa roƙo ba. Ki sa sunana a ƙarfe goma na Talata mai zuwa, Kawunki zai kawo ni. Da gwiwar hannu nake so.

Gwaggonki