Ni Na Ba da Lamba Shida, Baba Mato Za a Kora

Hajiya Zubaidatu, don Allah ki taimake ni da shawara, ko abinci ya daina yi mini daɗi.

Ina aiki a wani shagon kayan nutso a Ruwais, nan Jiddah. Baba Mato, mutumin Damagaram, shi ya samo mini aikin, shi ne kuma mai kula da munazzim, na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita a ƙarƙashin teku. Kashi biyu ce: wanda ake ɗaurawa a kan tukunyar iska, da wanda ake cizawa a baki. Kamfanin da muke sayen kayansa suna ɗaya yake rubutawa ɓaro-ɓaro a na bakin, lambar kuwa sai ka juya na tukunyar za ka gan ta, 'yar mitsitsiya. Lamba shida ta masu koyo ce a ruwa marar zurfi, tukunya na raguwa numfashi na ƙara tauri. Lamba goma sha shida ita ce ta zurfi, iska ɗaya take bayarwa har ƙarshe. Baba Mato kullum sai ya juya ya duba, yana nanata mini kamar karatun allo. Ni dai na ɗauka tsufa ne da son iyawa. Da ido nake aiki, in na ga na bakin, na san kayana.

Watan jiya Baba Mato ya tafi sallar azahar, wani baƙo ya zo haya, zai sauka mita arba'in. Na miƙa masa lamba shida. A can ƙasa iska ta yi masa tauri, ya firgita, ya yo sama da gudu. Har yau yana asibiti, ƙafarsa ta hagu ba ta motsi.

Katin shaidar an duba munazzim ɗin, sa hannun Baba Mato ne a kai, don da safe yake sa wa duka. Kafili, mai shagon da ke riƙe da takardunmu, bai tambayi kowa ba, ya ce halas, magana ta ƙare, ya soke iƙamar Baba Mato, takardar zamansa, fita ba dawowa, ya kuma ce ni zan riƙe warsha, ɗakin kula da kayan. Saura kwana goma sha biyu ya bar ƙasar. 'Ya'yansa huɗu duk nan aka haife su, Mariama babbarsu ko gaisuwar Hausa da ƙyar take haɗawa. Baba Mato ya san ni ne, amma bai tona ni ba.

Amma Hajiya, shi ma wa ya sa shi sa hannu tun da safe? Kuma shekara talatin a ƙasar nan, ai ya ci rabonsa. Ni matata ciki gare ta. In na yi shiru na dage da istigfari, bai isa ba?

Mai Damuwa, Ruwais

AMSA

Ɗana, ba shawara ka zo nema ba, izini ka zo nema, ni kuwa ba ni da shi.

Gaskiyarka, sa hannu kan kayan da ba a riga an bayar ba sakaci ne. Tsoronka ma na fahimta, mai mata da ciki a ƙasar da kafili ke riƙe da takardunsa ba ya wasa da aikinsa. Amma sakacin dattijon nan bai gurgunta kowa ba. Kai ka raina abin da aka koya maka, juya ƙarfe ɗaya ya yi maka nauyi. Maganar ya ci rabonsa kuwa, ita ta fi ba ni tsoro a wasiƙarka, don ta nuna har ka fara auna kujerarsa.

Kada ka ɗauki shirunsa yafiya. Cikin matarka yake dubawa, kai kuwa ba ka duba 'ya'yansa huɗu ba. Istigfari kuma ba ya goge haƙƙin mutum muddin kana cin amfanin zaluncin.

Gobe ka nemi dattijai biyu da kafili ke jin kunyarsu, ku je tare, ka faɗi abin da ya faru a gabansu, kafin a buga hatimin fita. Ka je asibiti ka nemi gafarar wancan bawan Allah. In an bar ka a shagon, kada ka sake miƙa munazzim sai ka karanta lambarsa da baki. Wataƙila a kore ka, wataƙila a kore ku duka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ka yi shiru, kai za ka ɗauko masa akwati zuwa filin jirgi, kuma zai yi maka godiya.

Allah ya sauki matarka lafiya, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Hajiya Zubaidatu